Kwalbar "wayin" a teburin biki: tambayoyi da amsoshi kan jan inabi da abin da ake ci da shi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina girkin biki a cikin garin Katsina. Kafin nan na yi shekara huɗu a kicin ɗin wani otel a Abuja, inda na ga yadda ake zaɓa wa baƙi 'yan ƙasar waje abin sha gwargwadon abin da ke cikin farantinsu. Ni dai giya ba ta taɓa shiga bakina ba, amma wanda ya daɗe kusa da murhu ba ya rasa sanin hayaƙi. Tun da na dawo gida, babu bikin da zan karɓa ba a tsare ni da maganar doguwar kwalbar nan mai wuya naɗe da takardar gwal ba. Wata ta tambaya a waya, wata ta ja ni gefe ranar kamu, wani uban amarya ya aiko ɗansa. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

Hajiya, wannan "wayin" da ake jerawa gaban amarya da ango, giya ce ko lemo?

Suna ɗaya ne ya rufe abu uku, shi ya sa ake rikicewa.

Akwai ruwan inabi tsagwaronsa, wanda aka matse, aka dafa shi sama-sama don kada ya lalace, aka sa masa gas kamar na lemon kwalba. Wannan bai taɓa zama giya ba. Shi ne mafi yawan abin da ake gani a bukukuwanmu, irin su Eva da Pure Heaven da Chamdor. Dabarar ma tsohuwa ce: a 1869 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch ya fara dafa ruwan inabi don cocinsu ya sami abin sha marar sa maye, har yau kuma akwai lemo mai sunansa.

Akwai giyar inabi ta ainihi. Ita ruwan inabi ce da aka bar yis ya cinye sukarin da ke ciki ya mai da shi barasa, kamar yadda ƙullun waina ke tashi, sai dai a nan ana barinsa ya yi makonni. Wannan haramun ce ga Musulmi, babu wata kwana-kwana, kuma tun shekarar 2000 da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan sayar da ita a fili laifi ne.

Ta ukun ita ce mai wuyar sha'ani. An yi ta giya tukuna, ta gama tsimuwa, sannan aka bi ta da na'ura aka cire barasar. Zan dawo kanta.

To yaya zan bambanta su a kanti, ni da Turancina bai taka kara ya karya ba?

Baba, ba sai da Turanci mai yawa ba, lamba za ka nema. Juya kwalbar, ka duba inda aka sa alamar kashi cikin ɗari tare da "vol" ko "alc". In ka ga 12% ko 13.5% ko 14%, ajiye ta, giya ce. In ka ga 0.0% ko babu lambar gaba ɗaya kuma an rubuta "grape juice" ko "grape drink", lemo ne. In ka ga kalmar "dealcoholised" ko "alcohol removed", wannan ita ce ta ukun da na faɗa.

Kada surar kwalba ta ruɗe ka. Wasu kamfanonin suna yin iri biyu, mai barasa da marar barasa, a kwalba kusan ɗaya, hoton ɗaya, launin takarda kawai ya ɗan bambanta. Na taɓa zuwa wani biki a wajen Ƙofar Ƙaura inda wani abokin ango ya taho da katan biyu daga kudu a matsayin gudummawa, da zuciya ɗaya, bai karanta ba. Allah Ya sa ina da al'adar duba kowane katan kafin a kai tebur. Ɗaya lemo ne, ɗayan 11% aka rubuta ƙarara. A bayan motarsa ya koma. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa ma, tunda ka riga ka juya kwalbar.

Wadda aka cire wa barasar fa, ta halatta?

Ni mai girki ce, ba malama ba, don haka ka kai wa malaminka wannan. Amma ka je masa da bayani cikakke, kada ka ce masa kawai "lemon inabi ne".

Ga yadda ake yin ta. Ana zuba giyar a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ta yadda barasa za ta tashi da ɗan zafi kaɗan ba tare da an dafe ƙamshin ba, ko kuma a tace ta da wata matata mai tsananin laushi. Wani Bajamushe, Carl Jung, ya yi rajistar wannan dabara tun 1908. A dokar Tarayyar Turai, ana iya kiran abin sha "wanda aka cire wa barasa" ko da akwai saura har zuwa 0.5%. Ka ga ke nan ba lallai ta fita tas ba.

Malamai sun rabu. Wasu suna duba maye: tunda ko ka sha tulu guda ba za ta juya maka kai ba, ba su hana ba. Wasu suna duba asali: abin da aka fara yi giya ne da gangan, don haka cire barasar bai wanke shi ba. Majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya a 2011 ta tsaya a kan wannan ra'ayi na biyu. Ni a nawa aikin ba na sayen ta, ba na kuma kai ta tebur. Dalilina mai sauƙi ne: a biki mutum ɗari biyar za su sha, ban san mazhabar zuciyar kowa ba, ga kuma wanda babu shakka a cikinsa a kan kanta ɗaya, ya ma fi araha.

Ɗana yana karatun harkar otel, ya ce an tambaye su ma'anar jan wayin "mai nauyi". Nauyin me? Na kwalba?

Nauyi a baki ake nufi. Ki kurɓi tsala, ki kurɓi kindirmo. Duk nono ne, amma ɗaya ya wuce kamar ruwa, ɗayan ya cika baki ya zauna. Haka masu wannan sana'a suke raba jan wayin: marar nauyi, matsakaici, da mai nauyi. Abin da ke kawo nauyin uku ne. Yawan barasa, wanda a mai nauyi yakan kai 13.5% zuwa 15%. Yawan bauri daga ɓawo da ƙwallon inabin. Sai kuma zaman da ya yi a cikin gangar katako, wani lokaci shekara ɗaya zuwa biyu, inda yake ɗaukar ƙamshin itacen.

Barasar kuwa daga sukari take. Kusan giram 17 na sukari a lita ɗaya shi ke ba da kashi ɗaya na barasa. Shi ya sa ƙasashe masu rana, inda inabi ke nuna sosai ya yi zaƙi, suka fi fitar da mai nauyi: kudancin Faransa, Sifaniya, Ostareliya, Ajantina, Kalifoniya, Afirka ta Kudu.

Mene ne wannan baurin da kike ta ambata?

Wanda ya taɓa tauna goro ɗanye, ko ya sha shayin da aka bari ya daɗe a buta, ya san shi. Ba ɗaci ba ne, ba tsami ba ne. Baki ne ke bushewa, harshe ya yi kamar an goge shi da tsumma. Masana suna kiran sinadarin da ke jawo haka tanin, kuma sunan ya samo asali ne daga jima. Shi ne dai abin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jiƙa fata a ciki ta daina ruɓewa ta zama kirgi. Abin da bagaruwa ke yi wa fatar akuya, shi tanin ke yi wa yawun bakinka a ƙaramin mataki: yana kama sinadarin gina jiki da ke sa yawu santsi, sai santsin ya tafi.

Abin da zai ba ki mamaki, in kika matse jan inabi a hankali, ruwan da zai fito fari ne. Launin da baurin duk a ɓawo suke. Don a sami ja, sai an bar ruwan ya kwanta tare da ɓawon da ƙwallon na kwanaki ko makonni. Sinadarin launin ma dangin wanda ke cikin zoɓo ne. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Na ga an rubuta Cabernet Sauvignon a wata kwalba. Sunan kamfani ne?

A'a, sunan irin inabin ne, kamar yadda muke cewa mangwaro ɗan Binuwai ko fafaranda. Ana furta shi kusan "kabane sobinyon". A cikin inabin da ake shukawa don wayin babu wanda ya kai shi yawan gonaki a duniya, sun haura hekta 300,000. Asalinsa yankin Bodo ne a kudu maso yammacin Faransa. An daɗe ana ƙirƙira masa tarihi iri-iri, sai a 1997 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gwada ƙwayoyin halittarsa suka gano ɗan barbara ne: baƙin inabi Cabernet Franc da farin inabi Sauvignon Blanc suka haɗu a wata gona, wajen ƙarni na 17. Sunan ya ɗauko rabi daga kowane ɗaya tun kafin kowa ya tabbatar da iyayensa.

'Ya'yansa ƙanana ne, ɓawon mai kauri, ƙwallon da yawa. Wato ɓawo ya yi yawa, ruwa ya yi kaɗan, daga nan duhun launi da ƙarfin bauri suka zo. Shi ne sarkin masu nauyi.

Ganin wannan suna a kwalba ba ya gaya maka ko giya ce ko a'a, domin ana yin lemo zalla da shi. Amma a gaskiya mafi yawan kwalaben da ke ɗauke da shi giya ne ko waɗanda aka cire wa barasa, don haka in ka gan shi ka ƙara buɗe ido wajen neman lambar nan.

Shiraz fa? Wani malami ya ce daga birnin Shiraz na Iran yake.

Sunan ne ya yi kama, kuma labarin ya yi daɗin faɗa, amma ba haka ba ne. A Faransa ana kiransa Syrah, gidansa kwarin kogin Ron. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna iyayensa wasu inabi biyu ne na kudu maso gabashin Faransa da ba su yi suna ba, Dureza da Mondeuse Blanche. Wani mutum mai suna James Busby ya kai rassansa Ostareliya a farkon shekarun 1830, a can sunan Shiraz ya kama shi.

Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne ƙamshin masoro. An daɗe ana cewa yana ƙamshin masoro, ana ɗauka salon magana ne. A 2008 masu bincike a Ostareliya suka ware sinadarin, suka tarar shi ne ainihin wanda ke cikin masoron da muke dakawa a yaji. Suka kuma gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar hancinsa ba ya jin sa sam. Tun da na karanta wannan na daina faɗa da masu ce mini yajina ba ya ƙamshi.

Akwai wasu biyu da za ka riƙa cin karo da su. Malbec, ɗan Faransa da aka kai Ajantina a 1853 ya fi karɓuwa a can fiye da gida, a yankin Mendoza, ƙasar da gasasshen naman sa ya zama abincin kowa. Sai Pinotage na Afirka ta Kudu, wanda wani farfesa a Sitelenbosh, Abraham Perold, ya haɗa a 1925.

Inabin da masu kayan marmari ke sayarwa a roba, shi ne wannan?

Dangi ɗaya, aiki daban. Na ci an zaɓe shi ne don girma da laushin ɓawo da rashin ƙwallo, irin su Crimson da Red Globe mai ƙwallo amma manyan 'ya'ya, da Thompson wanda in ya bushe shi ne zabibi. Yawancin wanda ke iso mana daga Afirka ta Kudu ko Masar ko Indiya yake. Na wayin ya fi shi zaƙi nesa ba kusa ba, amma ba ya daɗin tauna, sai tofar da ƙwallo da ɓawo.

Me ya sa kullum ake cewa jan wayin da jan nama suke tafiya?

Nan ne gaba ɗaya hikimar take, kuma babu wani sirri a ciki. Nama mai kitse yana shafe baki da maiƙo. Loma ta farko daɗi, ta biyar ta fara gundura. Abu mai bauri da tsami yana kankare wannan maiƙon, sai loma ta gaba ta dawo kamar ta farko. Shi kuma naman yana rama alheri: tanin ya sami abin kamawa a jikin naman maimakon yawunka, sai baurin ya yi laushi. Kowanne yana rage kaifin ɗan'uwansa. Don haka Turawa ke haɗa Cabernet da gasasshen naman sa ko cinyar rago ko tsohon cuku mai tauri, su haɗa Shiraz da naman da aka gasa a gawayi aka barbaɗa masa masoro.

Ka lura ban ambaci barasa a wannan bayani ba. Aikin na bauri ne da tsami. Kakanninmu sun san haka ba tare da sun je makarantar otel ba. Me ya sa mai tsire ke yanka maka albasa da tumatir? Me ya sa dattijo ya tashi daga kan balangu ya nemi goro? Me ya sa Buzaye ke bin naman rago da shayi mai ƙarfi a ɗan ƙaramin kofi?

To mu me za mu sha da naman Sallah, ko a walima?

Zoɓo. Amma ba wanda ake ƙullawa a leda a sayar wa 'yan makaranta ba, wanda sukari da kayan ƙamshin kanti suka kashe. Zoɓo yana da launin, yana da tsamin, yana da ɗan bauri. Ƙasar Meziko tana sayen zoɓon arewacin Najeriya jirgi-jirgi, daga Jigawa da Kano da nan Katsina, suna sha da abincinsu mai nama da yaji, mu kuma muna raina shi muna neman kwalba mai takardar gwal.

Ga yadda nake yin nawa in za a ci nama. Ina zaɓar baƙin zoɓo, mai duhun nan, ba ja mai haske ba. Gwangwani biyu a ruwa lita uku, bayan na wanke shi sau biyu saboda ƙasa. Ina jefa masoro kamar ƙwaya goma da na ɗan fasa, kanumfari biyar, citta ɗan yanki. Citta kada ta yi yawa, in ta yi yawa ita kaɗai za a ji. Ya tafasa minti goma, in sauke. Sai in jefa ganyen shayi baƙi, buhu biyu na ɗan ƙaramin nan, minti huɗu kacal in cire. Daga nan baurin ke ƙaruwa. Don ya yi jiki ya cika baki, ina jiƙa zabibi cikin tafin hannu biyu da dabino biyar a ruwan zafi, in markaɗa, in tace a ciki. Sau da yawa wannan zaƙin ya isa. In za a ƙara sukari, cokali biyu ko uku ga dukan tukunyar, ba gwangwani ba. In akwai hali, a zuba kwalba ɗaya ta jan ruwan inabi a kai dab da za a sha.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a sa kanwa. Na san ana sa ta don kashe tsami, amma tsamin nan shi muke nema, kuma kanwa tana juya launin ya koma wani shuɗi-shuɗi marar kyau.

Wannan zoɓon da soyayyen naman layya, ko balangu, ko gasasshiyar cinyar rago, ko dambun nama, sai wanda ya gwada. Wata uwar ango daga Daura ta ƙi yarda da farko, ta ce za a ce sun yi rowa. Muka zuba shi a tulun gilashi, muka ajiye kwalaben kanti a gefe. Da aka tashi, tulun ne ya ƙare, kwalaben aka kwashe aka mayar gida.

Ruwan inabin kwalba shi kaɗai ba zai yi wannan aikin ba?

Da ƙyar. Matsalarsa zaƙi. A giya yis ya cinye sukarin, a lemo kuwa yana nan duka. Zaƙi a kan maiƙo ƙarin nauyi ne, ba ya wanke baki. In shi kaɗai ke gare ki, ki matsa lemon tsami rabi a kowane kofi, ko ki surka shi da ruwan soda marar zaƙi, rabi da rabi.

Kilishi da tsire fa, masu yaji?

A nan dokar ta juya. Barkono da bauri ba sa shiri, kowanne yana ƙara wa ɗayan zafi. Su kansu masu shan giya sun san mai nauyi ba ya tafiya da abinci mai yaji, domin barasa tana ƙara rura wutar barkono. Ga kilishi mai jan yaji, ko farfesun kayan ciki da aka cika wa attaruhu, zaƙi kaɗan da sanyi su ne magani. A nan ruwan inabin kwalba mai sanyi ya yi daidai, ko zoɓon da ba a sa wa shayi ba. In yajin ya kai intaha, babu abin da ya kai nono, domin sinadarin barkono a maiƙo yake narkewa, ba a ruwa ba. Fura da nono bayan tsire ba ƙauyanci ba ne, ilimi ne.

Kaza, kifi, waina, alkaki?

Kaza da kifi ba su da kitsen da zai tari bauri, don haka farin ruwan inabi ko lemon citta ko na tsamiya ya fi. Waina da miyar taushe, zoɓo marar nauyi. Alkaki da dubulan da nakiya kuwa, duk abin sha mai tsami da ka bi su da shi zai zama kamar ruwan tsamiya a bakinka, saboda sun fi shi zaƙi. Shayi ba sukari, ko ruwa.

An ce jan wayin yana ƙara jini, yana kuma gyara zuciya. Gaskiya ne?

Maganar ƙara jini daga launi ta fito, ba daga asibiti ba. Duk abin da ya yi ja sai mu ce jini ne. Inabi ba shi da sinadarin ƙarfe mai yawa, kuma tanin ma rage shigar ƙarfen cikin jiki yake yi in aka sha shi tare da abinci. Mai jego ko mai ciki da aka ce jininta ya yi ƙasa, hanta da nama da wake da zogale da maganin da aka ba ta a awo su ne hanya. Ta ma ɗan nisanta shan shayi daga lokacin cin abinci.

Ta zuciya kuwa ta yi tashe ne daga farkon shekarun 1990, lokacin da aka lura Faransawa suna cin kitse amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, aka jingina abin ga jan wayin. Bincike na baya ya raunana wannan magana sosai. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, kuma tun 1988 hukumar binciken ciwon daji (kansa) ta duniya ta sa giya a sahun farko na abubuwan da ke jawo wannan ciwo.

Mai ciwon suga shi ma ya yi hattara da lemon. Ruwan inabi zalla yana da sukari wajen giram 15 a kowane mililita 100, ya fi lemon kwalba na yau da kullum da ke da kusan 10 zuwa 11. Rubuta "babu barasa" ba ya nufin babu sukari. Mai shan maganin hawan jini kuma ya gaya wa likitansa in yana shan zoɓo kullum, domin zoɓo yana ɗan saukar da jini.

In na matse inabi a gida na ajiye, zai iya zama giya da kansa?

Ƙwarai kuwa, kuma da sauri. Akwai yis a jikin ɓawon da cikin iska. A zafin Katsina na watan Afrilu, da ma'auni ke haura 40, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya fara. Alamominsa kumfa, da jarka ta kumbura, da huci in an buɗe, da ɗanɗano mai cizon harshe. Ba inabi kaɗai ba, zoɓo mai sukari da kunun zaƙi da lemon abarba duk haka suke. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura a bayar ko a zubar. Ni a lokacin zafi ko kwana biyu ba na bari in babu firji mai wuta tsayayya. A yi da safe, a sha a ranar.

Ruwan khal da aka rubuta an yi shi da jan wayin, a sa a kwaɗo?

Khal mataki ne na gaba da giya: wasu ƙwayoyin halitta ne ke cinye barasar su mai da ita tsami. Kusan duk khal ta wannan hanya ya bi, har na tuffa. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta tsarkaka, sun yi saɓani a kan wadda aka juya da gangan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, lemon tsami yana yin aikin.

Inabi zai yi a gonata a Daura?

Zai yi, amma ba shukar a-jefa-a-tafi ba ce. Manyan gonakin inabi na duniya suna tsakanin layi na 30 da na 50 daga tsakiyar duniya, inda sanyin hunturu ke sa itacen ya yi barci ya farka. Mu muna wajen layi na 13, babu wannan barcin, sai manomi ya ƙirƙire shi da aski, wato datse rassa a kan lokaci. Haka ake yi a Nashik ta Indiya, haka ake yi a kwarin kogin San Faransisko a Barazil inda suke girbi sau biyu a shekara. Kusa da mu, manoman ƙaramar hukumar Kudan a jihar Kaduna sun yi suna da noman inabi, can ya kamata ka fara zuwa ka gani da idonka kafin ka sayi dashe.

Babban abokin gabarsa damina ce, saboda laima tana kawo cutar fumfuna a ganye da 'ya'ya. Dabarar ita ce a yi askin ƙarshen damina, 'ya'yan su nuna a cikin rani. Ke nan dole ka sami ruwan ban-ruwa tabbatacce, rijiyar burtsatse ko kusa da dam irin na Daberam ko Sabke, da rumfar waya da zai hau, da raga saboda tsuntsaye, da maganin gara. Sai ka yi haƙurin shekara biyu zuwa uku kafin ka ga amfanin kirki. Ka nemi irin na ci, shi ke da kasuwa a nan.

Kwalba nawa zan saya wa mutum ɗari, kuma yaya ake buɗe ta ba ta yi wa amarya wanka ba?

Kwalba ɗaya mililita 750 ce, tana ba da ƙananan kofuna shida. Mutum ɗari, kwalba 17 in kowa kofi ɗaya zai sha, ki ƙara uku saboda masu sakawa a jaka. Ta kwana a sanyi, domin mai ɗumi ita ke tsiri. Kada a girgiza. A cire takardar, a ɗora babban yatsa a kan murfin kafin a kwance wayar, a karkata kwalbar gefen da babu kowa, a riƙe murfin da tawul, sannan a juya kwalbar a hankali, ba murfin ba. Za ta yi ɗan huci ta buɗe. Murfin nan in ya kuɓuce yana iya fasa ido, don haka kada a ba yara, kada kuma a bar abokan ango su mai da ita abin wasa kusa da leshin da aka ɗinka wata uku. Jan inabi in ya zuba a farin yadi, a yi maza a daddanna shi da tsumma mai ruwan sanyi, kada a goga, kada kuma a kai shi ga dutsen guga kafin tabon ya fita.